Marigayi Salih Salim: Ɗan Ƙwallon Da Ya Zama Shugaban Al-Ahli Ta Masar

Duk wanda ya saba bin labarin wasan ƙwallon ƙafa a nahiyar Afirka ba zai rasa jin sunan ƙungiyar Al-Ahli ta birnin Alƙahira ba, watau masu jajayen riguna. Ƙungiya ce wadda ta haura shekara ɗari da kafuwa, ta kuma tara kofuna fiye da yawancin takwarorinta na Afirka da ƙasashen Larabawa. To, amma in aka tambayi dattawan Masar wane mutum ne guda ɗaya wanda tarihinsa ya fi cuɗanya da na wannan ƙungiya, sunan da za su fara ambata shi ne Salih Salim. Ya shige ta yana yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya yi mata wasa shekara ashirin, ya shugabance ta kimanin shekara goma sha takwas, ajali kuma ya riske shi yana kan kujerar shugabancinta.

Gidan da ya tarar

Kafin a shiga labarin mutumin, ya kamata masu karatu su san irin gidan da ya tarar. An kafa Al-Ahli ran 24 ga watan Afrilu na shekarar 1907, lokacin da Turawan Ingila ke riƙe da ragamar Masar. A wannan zamani manyan wuraren wasanni da shaƙatawa na Alƙahira a hannun baƙi suke, ɗan ƙasa kuwa sai dai ya leƙa daga waje. Wani lauya mai suna Umar Lutfi Bek, wanda ke shugabancin ƙungiyar ɗaliban manyan makarantu, shi ne ya kawo shawarar a kafa wa samarin ƙasar wurin da za su riƙa haɗuwa suna motsa jiki suna kuma tattauna al'amuran ƙasarsu. Ma'anar sunan Al-Ahli ke nan, watau ta 'yan ƙasa.

Don a sami fili daga hannun gwamnati ba tare da wahala ba, sai aka naɗa wani Bature mai ba Ma'aikatar Kuɗi shawara, Mitchell-Innes, ya zama shugaba na farko. Da shekara ta kewayo sai Aziz Izzat Basha ya gaje shi. Sa'ad Zaglul, Ministan Ilmi na lokacin, wanda daga baya ya ja gaban gwagwarmayar neman 'yancin Masar, shi ma yana cikin manyan da suka ɗaure wa ƙungiyar gindi. An gina mazauninta a tsibirin Jazira da ke tsakiyar kogin Nilu. A cikin 1911 ta kafa sashen ƙwallon ƙafa, a wannan shekara kuma aka kafa babbar abokiyar hamayyarta, wadda ta sake suna sau da dama kafin ta tsaya a kan Zamalek.

Ke nan tun daga tushe mutanen Masar suna ɗaukar Al-Ahli a kan wani abu da ya wuce wurin wasa. Alama ce ta cewa ɗan ƙasa zai iya kafa abu nasa ya tafiyar da shi bisa tsari. Wannan tunani shi ne Salih Salim ya gada, shi ne kuma ya yi ta karewa iyakar ransa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Muhammad Salih Muhammad Salim ran 11 ga watan Satumba na 1930. Mahaifinsa, Dokta Muhammad Salim, likita ne sananne, yana cikin na farko-farko a Masar da suka ƙware a fannin sa majiyyaci barci kafin a yi masa fiɗa. Saboda haka gidan ilmi da rufin asiri ya tashi, ba talauci ne ya kai shi filin ƙwallo ba. Iyaye irin nasa a wancan zamani sun fi son ɗa ya zama likita ko lauya ko injiniya. Salih dai ya riƙe karatu har ya gama jami'a a fannin kasuwanci, amma zuciyarsa tana wajen ƙwallo. Ba shi kaɗai ba ne a gidan, domin ƙanensa Tariƙ Salim shi ma ya zama fitaccen mai tsaron baya a Al-Ahli da ƙungiyar ƙasa.

A cikin 1944 aka ɗauke shi cikin sashen yara na Al-Ahli. Bai daɗe ba masu horarwa suka lura da natsuwarsa da yadda yake ɗaga kai ya dubi fili kafin ƙwallo ya iso ƙafarsa. Kafin ya cika shekara goma sha takwas an riga an hau da shi cikin manya.

Shekarun wasa

Sa'arsa ta zo daidai da wani babban sauyi. Kafin wannan lokaci gasannin Masar na yanki-yanki ne, da na cin kofi. A kakar 1948 zuwa 1949 aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, Al-Ahli kuwa ta cinye ta. Daga nan ta yi ta ɗauka ba kama hannun yaro, har sau tara a jere, zuwa kakar 1958 zuwa 1959. Akwai kaka biyu a tsakani waɗanda ba a fitar da zakara a cikinsu ba, amma duk wadda aka kammala Al-Ahli ce ta zo ta ɗaya. Salih Salim yana cikin waɗannan nasarori tun daga ta farko har ta tara. Sai a kakar 1959 zuwa 1960 Zamalek ta katse mata hanzari. Al-Ahli ta sake karɓe kambin kaka biyu a jere bayan haka, ya zama Salih ya ci lig sau 11, ban da Kofin Masar da ya ɗaga sau 8.

Wurin wasansa tsakanin tsakiya da gaba ne. Shi ne mai rarraba ƙwallo, mai sanin lokacin da za a hanzarta da lokacin da za a lafa. Wannan ya sa 'yan jarida da 'yan kallo suka laƙaba masa suna Mayistiro, kalmar da Italiyawa ke kiran jagoran makaɗa da ita, mutumin da in ya ɗaga hannu kowa ya san inda zai faɗa. Sunan ya bi shi har kabari. Bai tsaya ga shirya wa wasu kaɗai ba. A cikin 1958, a wasan da Al-Ahli ta lallasa Isma'ili da ci takwas da nema, shi kaɗai ya jefa bakwai a raga, abin da aka shekara da shekaru ana ba da labarinsa a gidajen shayin Alƙahira.

A wajen ƙungiyar ƙasa ma ya taka rawa. A cikin 1959 aka yi gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka karo na biyu a Alƙahira, a filin Al-Ahli. Ƙasashe uku kaɗai suka shiga: Sudan, da Habasha, da mai masaukin baƙi wadda a lokacin ake kira Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa saboda haɗewarta da Siriya. Su Salih suka doke Habasha da ci huɗu da nema, suka doke Sudan da ci biyu da ɗaya, suka riƙe kofin. A shekarar 1960 ya je wasannin Olimfik na birnin Roma, bayan ƙasarsa ta fitar da Nijeriya a wasannin share fage. A 1962 kuma suka kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Adis Ababa, amma Habasha ta rama, ta ci su huɗu da biyu bayan ƙarin lokaci.

A kakar 1962 zuwa 1963 ya tafi Turai, ya yi wasa a wata ƙungiya ta birnin Giraz a ƙasar Austiriya. A zamanin nan ba kasafai ɗan ƙwallon Larabawan gabas ke samun irin wannan dama ba. Bai daɗe can ba ya komo gida ya ci gaba da sa jar riga.

A waɗannan shekaru ne kuma masu shirya fim suka neme shi, domin Alƙahira ita ce cibiyar sinima ta duniyar Larabawa, shi kuwa ga farin jini ga kyan tsayi. Ya fito a fina-finai uku tsakanin 1961 da 1963, ɗaya tare da mawaƙiya Najat As-Sagira, ɗaya kuma tare da Fatin Hamama, wadda ba ta da ta biyu a cikin 'yan wasan mata na zamaninta. Da ya auna ya ga wannan ba sana'arsa ba ce, sai ya bar ta tun ana marmarinsa. Ɗansa Hisham Salim ne ya zo ya yi suna a wannan fage daga baya.

Ƙarshen wasansa ya zo a lokacin da ƙungiyar ta yi sanyi. Daga 1963 zuwa 1967 kambin lig ya yi ta yawo tsakanin Tarsana da Zamalek da Olimfik ta Iskandariya da Isma'ili. A 1967 ya rataye takalmansa. A wannan shekara ce kuma yaƙin watan Yuni da Isra'ila ya tsayar da gasannin ƙwallo a Masar na wasu shekaru.

Daga fili zuwa ofis

Da aka komo wasanni, sai aka naɗa shi mai kula da sashen ƙwallo a 1971, a shekara mai bi kuma 'yan ƙungiya suka zaɓe shi cikin majalisar gudanarwa. Shugaban wannan lokaci shi ne Janar Abdulmuhsin Murtaji. A zamaninsa aka ɗauko shahararren ɗan wasan Hangari, Hidegkuti, a 1973, don ya horar da 'yan wasa. Shi ne ya reni samari irin su Mahmud Al-Khatib, ya kuma komo wa ƙungiyar da kambin lig a 1975 bayan shekara goma sha uku rabonta da shi.

A watan Disamba na 1980 aka zaɓi Salih Salim shugaban Al-Ahli. Wannan kujera a da ta Bashoshi ce da attajirai da manyan hafsoshin soja. Ga shi yau mutumin da ya sha rana a fili ya hau ta. Ya kamata a lura da cewa Al-Ahli ba mallakar mutum ɗaya ba ce. Mambobi masu biyan kuɗin shekara su ne ke zaɓen shugaba da majalisarsa, ƙungiyar kuma tana da sassan wasanni da dama ban da ƙwallon ƙafa. Wanda ke kan kujera dole ya riƙa waiwayen masu zaɓe, da miliyoyin magoya baya, da 'yan jarida, da kuma hukuma.

Babban burin da ya tarar bai cika ba shi ne na Afirka, domin Isma'ili ta riga Al-Ahli ɗaukar Kofin Zakarun Afirka tun na shekarar 1969. A 1982, a ƙarƙashin mai horarwa Mahmud Al-Jauhari, tsohon abokin wasan Salih, burin ya cika. Al-Ahli ta fitar da Enugu Rangers ta Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan ta gamu da Asante Kotoko ta Ghana. Ta ci uku da nema a Alƙahira, aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a Kumasi. A 1983 suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Kotoko ta rama. Daga nan Al-Ahli ta juya ga Kofin Masu Riƙe da Kofuna, ta ɗauke shi sau uku a jere: a 1984 a hannun Canon ta Yawunde, a 1985 a hannun Leventis United ta Ibadan, a 1986 a hannun Sogara ta Gabon. A 1987 ta sake cin Kofin Zakaru bayan ta doke Al-Hilal ta Sudan. Kofunan Afirka biyar ke nan cikin shekara shida.

Ranar da aka gwada shi

Amma abin da Misirawa suka fi tunawa da shi daga wannan zamani bai faru a wasan Afirka ba. A cikin 1985 saɓani ya shiga tsakanin Al-Jauhari da hukumar ƙungiya. Manyan 'yan wasa, fiye da goma, suka goyi bayan mai horar da su, suka ƙi bin umurnin hukuma. Ga shi kuwa wasan cin Kofin Masar da Zamalek ya gabato, wasan da duk wanda ya faɗi an fitar da shi.

Shawara mai sauƙi ita ce a lallashi taurarin, a bar maganar horo sai bayan wasa. Wanda bai san Alƙahira ba ba zai gane nauyin wannan wasa ba. Shan kaye a hannun Zamalek kan iya cin kujerar shugaba. Duk da haka Salih da majalisarsa suka dakatar da masu boren baki ɗaya, suka ce yaran ƙungiya ne za su shiga fili. Hujjarsa ita ce, in aka bar ɗan wasa ya gane cewa shahararsa ta fi ƙarfin doka, to, ba sauran ƙungiya, sai taron masu son kai. Jama'a da yawa suka ɗauka ya haƙa wa kansa rami. Aka shiga fili, yaran nan suka doke Zamalek mai cike da gwanaye da ci uku da biyu, Al-Ahli kuma ta ci gaba har ta ɗauki kofin.

Da yaran sun sha kashi, da watakila wani labari ake bayarwa yau. Abin lura shi ne ya yanke hukuncin ne tun bai san yadda wasan zai ƙare ba, ya kuma shirya ɗaukar abin da zai biyo baya. Daga wannan rana taken da ake danganta masa, mai nuna cewa ƙungiya tana gaba da kowane mutum, ya zama doka wadda yaro da babba suka sani a gidan.

Sauka da komowa

A 1988 ya sauka, Abduh Salih Al-Wahsh ya hau. A shekarun da suka biyo al'amuran ƙwallon ƙungiyar suka ja baya, har mambobi suka sake neman sa. A 1992 ya komo. Matakin da ya fara ɗauka ya girgiza gari, domin an sallami wasu tsofaffin taurari waɗanda magoya baya ke ji da su, cikinsu har da Tahir Abu Zaid da Rabi'u Yasin, aka buɗe wa matasa hanya. An zage shi a kan haka ba kaɗan ba. Amma a 1993 Al-Ahli ta ci Kofin Masu Riƙe da Kofuna karo na huɗu, daga kakar 1993 zuwa 1994 kuma ta riƙe lig sau bakwai a jere har shekarar 2000. In aka haɗa da biyar na zangonsa na farko, lig 12 ke nan ƙungiyar ta ci a ƙarƙashinsa.

Ba duk matakansa ne suka sami yabo ba, adalci kuwa shi ne a faɗi haka. Daga 1994 ya janye ƙungiyar daga gasannin Afirka, ta mai da hankali ga na Larabawa, inda ta ci kofin zakarunsu a 1996 da wasu kofuna. A cikin wannan rata Zamalek ta ƙara Kofin Zakarun Afirka na huɗu, bayan ta doke Shooting Stars ta Ibadan a 1996. Da Al-Ahli ta komo a 1998 sai wata ƙungiyar Habasha ta yi waje da ita tun da wuri. Masu suka suna ganin an yi asarar shekaru masu albarka a banza. A shekarar 2000 kuma tagwayen nan Husam da Ibrahim Hasan suka bar gidan suka koma Zamalek, hukuma ba ta sauya matsayinta don ta tsayar da su ba. Wasu na kiran wannan hali tsayuwa a kan gaskiya, wasu na kiransa taurin kai da girman kai. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya neman yardar 'yan jarida, in ya yanke shawara kuma da wuya ya waiwaya.

A ƙarshen shekarar 2000 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta bayyana Al-Ahli a matsayin gwarzuwar ƙungiyar ƙarni na ashirin, bisa lissafin maki na gasanninta. Magoya bayan Zamalek ba su yarda ba, suna kafa hujja da cewa a lokacin su ke da Kofin Zakaru huɗu, Al-Ahli na da biyu, wannan gardama kuwa ba ta mutu ba. Salih ya je Johannasbag a 2001 ya karɓi lambar da hannunsa. A wannan shekara aka ɗauko mai horarwa ɗan Fotugal, Manuel Jose. A watan Agusta Al-Ahli ta doke Real Madrid da ci ɗaya da nema a wasan sada zumunci a Alƙahira, ɗan Nijeriya Sunday Ibeji ne kuwa ya ci ƙwallon. A watan Disamba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka na uku a hannun Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu.

Rasuwa da abin da ya bari

A lokacin da ake waɗannan bukukuwa ciwon daji na hanta ya riga ya ci ƙarfinsa. Allah ya yi masa rasuwa a Landan ran 6 ga watan Mayu na 2002, yana da shekara 71. Aka kawo gawarsa Alƙahira, dubban mutane suka raka shi, har da waɗanda suka shekara suna adawa da shi a fili. Kwana goma bayan haka Al-Ahli ta doke Zamalek da ci shida da ɗaya, magoya baya suka ɗauki wannan a kan ban kwana da shugabansu.

Mataimakinsa Hasan Hamdi ne ya gaje shi, ya riƙe kujerar har 2014. A 2017 aka zaɓi Mahmud Al-Khatib, wanda ya yi wasa a zamanin shugabancin Salih na farko. Zuwa shekarar 2024 ƙungiyar ta ci Kofin Zakarun Afirka sau 12, tara daga ciki bayan rasuwarsa. Wannan shi ne ma'aunin aikin shugaba, a ga ko ginin da ya bari zai tsaya bayan an ɗauke shi.

Ma'aikaci ko ɗalibin da zai riƙe wata hukuma gobe yana da abin dubawa a nan. Kowace ma'aikata tana da nata taurarin, waɗanda ake tsoron taɓawa don kada aiki ya tsaya. Salih Salim shi kansa tauraro ne, ya san daɗin tafi, ya kuma san yadda tafi ke ruɗin mutum. Da ya hau kujera sai ya ɗaure kansa da kowa da doka ɗaya, ya yarda a ƙi shi yau muddin gidan zai ɗore. Ya yi kuskure a wasu wurare kamar kowane ɗan Adam, amma ƙungiyar da ɗalibai suka kafa a 1907 ta fita daga hannunsa da ƙarfi fiye da yadda ya same ta. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.